Ranar da Teku Ya Ci Mini Takalmi

A Talatar Mafara na haddace teku.
Malam Barau ya zana shi da alli,
layi biyu masu lanƙwasa,
da wata a sama kamar ƙosai.
Ya ce, wata ke jan ruwa,
ya cika, ya janye, sau biyu a yini.
Muka yi ta maimaitawa har makogwaro ya bushe.
Na ci tara cikin goma,
alhali ruwan da na sani mafi faɗi
shi ne na Bakolori,
shi kuwa inda ka bar shi da safe
nan za ka tarar da shi da la'asar.

Shekara talatin da ɗaya bayan nan,
a Grimsby, garin da iskarsa ke ƙarnin kifi,
Hansatu ta dawo da takarda a jaka:
'yan aji huɗu za su bakin teku ran Laraba,
ana neman iyaye uku 'yan rakiya.
Na ce, wannan wace irin makaranta ce?
Wasan ƙasa muka ƙetaro nema?
Uwarta ta miƙo biro:
ba ka da aiki Laraba, sa hannu.

Da hantsi muka sauka Cleethorpes.
Babu teku.
Jiƙaƙƙen yashi kawai, har inda ido ya gaji,
ruwa can nesa, siriri kamar zare.
Malamarsu, Misis Pennock, ba ta zo da littafi ba.
Sanduna ta rungumo, da igiyar awo,
da agogo rataye a wuya.
Muka taka, muka taka.
Ta ce, ku kafa sanda inda ruwa ya tsaya,
ku ba shi minti goma,
sannan ku zo ku ba ni labari.

Ni ko na gyara tsayuwa,
na tara yara uku ina zuba bayani,
wata, da ja, da sau biyu a yini,
muryar Malam Barau na fita ta bakina
ko tari bai canza ba.
Wani ɗan jan gashi, Callum,
ƙafata yake kallo, ba bakina ba.
Hansatu ta ce, Baba, matso.
Na ce, bari in ƙarasa.
Ta ce, Baba, ba ta gaba yake zuwa ba.

Ashe ya bi wani ɗan kwari ta bayana,
shiru, kamar macijin da ya san gidan.
Sanyi ya shiga safa, ya hau ƙauri,
sai da na ji shi a haƙora.
Takalmina na zuwa Juma'a!

Yara suka tuntsire da dariya.
Malamar ta janye mu zuwa tudu,
ta durƙusa, ta ce,
wa zai gaya mini don me ya fara cika can?
Hansatu ta kife tafinta a kan yashi,
ta shafa, ta shafa,
ta ce, can ya fi nan gangara.
Ba wanda ya faɗa mata.
Na duba cikin haddata kaf,
ban sami wannan layin ba.

A mota, safa a leda, yatsu sun ƙandare,
ban ga laifin Malam Barau ba.
Shi ma ji ya yi.
Alli gare shi, ya ba mu iyakar abin da alli ke iyawa,
kuma da wannan allin na iso har nan
ruwa ya same ni.

Da dare, bargo har haɓa, ta ce,
Baba, yanzu da ba kowa a wurin,
yana dawowa shi kaɗai?
Amsa ta taso mini, tsohuwa, a shirye.
Na haɗiye ta.
Na ce, ran Asabar ma je mu duba.

Na sauko in kashe fitila.
Takalmin na jingine da bango yana bushewa,
gishiri ya bar masa farin layi biyu
masu lanƙwasa.